Rasuwar Shuɗiya, Ƙofar Motar Kamaruddeen

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da gwiwar hannun hagu da ta rasa inda za ta jingina, Malam Kamaruddeen direba na Unguwar Ɗorawa, kusa da Zakirai, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, da fasinjojinsa na da da na yanzu, rasuwar ƙofar motarsa ta gefen direba, wadda kowa ya fi sani da Shuɗiya. Marigayiyar ta rasu ranar kasuwar da ta wuce, da hantsi, a kan hanyar gona, tana tsaka da aikinta, bayan gajeriyar jinya da ba ta kai ko a ce mata sannu ba.

Iyali suna roƙon masu zuwa gaisuwa su kiyaye harshensu. Akwai masu ce mata murfi. Murfi na tukunya ne. Haka kuma Liman ya ja kunne cewa ba a yi wa ƙarfe salla, ba a kuma yi masa zaman makoki, don haka abin da ake nema wajen jama'a jaje ne kawai da kyakkyawar shaida.

An haifi Shuɗiya a Turai, a jikin wata mota da ba wanda ya san inda ta ƙare. Ta shigo ƙasar nan ta Kwatano, ta daɗe jingine da bango a wajen masu sayar da kayan gyara a birni, rana ta dake ta, ruwa ya dake ta. Kamaruddeen farar ƙofa ya je nema, domin motarsa fara ce, ko kuma a ce fara ce a da. Ya zagaya ya zagaya, da idonsa ya faɗa kanta sai ya manta abin da ya kai shi. Da aka kawo ta gida ta ƙi shiga gurbinta, sai da Ɗanliti mai walda ya wuni yana lallashinta da guduma sannan ta amince. An ba mai motar shawara ya yi mata farin fenti ta saje da 'yan'uwanta, ya ce ko kusa. Shi ya sa ko daga tsakiyar gonar dawa mutum ya hango fari da shuɗi suna tangaɗi a hanya, ya san motar kasuwa ta iso, sai ya fara laluben igiyar akuyarsa.

A halin kirki, har tashar Zakirai an shaide ta. Cikin ƙofofin motar nan huɗu, ita kaɗai ce ke buɗuwa ta ciki da ta waje, kuma ba ta taɓa yi wa sauran gori ba. Ranar da ta gefen fasinja ta tashi da miskilancinta, ta wajen Shuɗiya ake shiga. Tsofaffi, masu goyo, masu ƙwaryar nono, kowa ya tsallaka kujerar direba ya wuce, ita tana tsaye a buɗe cikin rana. Wanda ya san ta ya san muryarta. In an buɗe ta sai ta ce "ƙiii-yau", a hankali, kamar mai sallama a gidan da ake barci. In za a rufe ta ba ta amsawa a karon farko, sai ta ce "kwas" ta dawo. Sai an sake, da girmamawa, sannan ta ce "gwaf" ta zauna. Kamaruddeen ya sha faɗa wa makanikai cewa wannan ba lalacewa ba ce, aji ne.

Gilashinta rabi yake sauka ya tsaya, daidai inda hannun mai ita ke so. A aljihunta ake ajiye goro da asuwaki da sifana, kuma abin da ka saka mata da damina shi za ka tarar da rani. In salla ta kama Kamaruddeen a hanya, ita yake buɗewa ta tare masa rana. Da safe ita ake fara wankewa da ruwan farko, sauran motar ta yi haƙuri da abin da ya rage a bokiti.

Ta rasu ta bar 'yan'uwa uku. Akwai ta gefen fasinja, wadda sai ta waje take buɗuwa, shi ma in ta ga dama. Akwai ta baya ta dama, mai zama da igiya a ƙugu. Akwai ta baya ta hagu, wadda tsofaffin fasinjoji suka ce sun taɓa ganinta a buɗe, amma ba a samu shaidu biyu da bakinsu ya zo ɗaya ba. Ta bar madubi, wanda ya tsira da tsaga a fuska. Ta bar mai ita, wanda yanzu yake tuƙi da buhun taki a ɗaure a gurbinta, iska tana shiga masa ta hannun riga tana fita ta wuya, kuma tuni buta da takalmi ƙafa ɗaya suka bi hanya ba a ga bayansu ba.

Game da yadda ajali ya zo, iyali sun ga ya kamata su yi bayani da kansu, domin maganar ta yi yawa a bakin rijiya, har an fara cewa tirela ce.

Ba tirela ba ce. Malam Tahir ne, surukin Kamaruddeen, mahaifin matarsa Safiyatu.

Malam Tahir mutumin da ne. Safiyatu ce 'yarsa ta fari, kuma har yau bai taɓa kama sunanta ba, "yarinyar nan" yake cewa, ga ta da 'ya'ya har sun fara kamo ta a tsayi. Mijinta kuwa "mai motar nan" ne. Tun ranar ɗaurin aure mutanen nan biyu ba su taɓa haɗa ido ba. In Kamaruddeen ya je gaisuwa, tun daga bakin zaure yake cire takalmi ya durƙusa ya gaida ƙasa, Malam Tahir ya amsa wa bango. Ba ƙiyayya ba ce, kowa ya sani. Son juna suke yi na gaske, kunya ce dai ta yi musu katanga, su kuma suka ga katangar ta yi kyau suka bar ta.

To Malam Tahir yana da babur. Gwiwoyinsa sun daɗe da ajiye aiki, babur ɗin nan shi ne ƙafarsa. Gonarsa ta fadama, masallacin Juma'a na Zakirai, suna, biki, dubiya, duk a kansa yake zuwa. 'Ya'yansa maza, Abdulbasit da Abdulkabir, sun daɗe suna cewa idon Baba ya yi rauni. Da ya shiga shingen gonar rogo aka ce shingen ne ya matso hanya. Da ya kwashe bencin mai shayi da mutum uku a kai, sai 'ya'yan suka kai magana gaban Mai Unguwa, aka sa dattijon ya ɗauki alkawari: in ya sake buge wani abu, mai rai ko marar rai, zai miƙa makullin babur da hannunsa. Ba mugunta ce ta sa su ba, tsoro ne. Amma duk wanda ya san Malam Tahir ya san ranar da aka karɓe makullin nan an zaunar da shi ke nan a zaure, ya koma mai tambayar masu wucewa labarin gonarsa.

Ranar da abin zai faru, Kamaruddeen ya tsaya a gefen hanyar gona yana jiran wata fasinja da ta koma kamo ragonta. Hanyar siririya ce, gona ta nan gona ta can, don haka ya hau da tayoyin dama kan tudun gefen gona, motar ta ɗan karkato wajen hanya. Yana zaune, hannu a kan Shuɗiya, goro a baki, sai ya ɗaga ido ya dubi madubi. Ga babur yana tahowa daga baya. Ga farin gemu. Ga garmar shanu an ɗaure ta a gicciye a bayan babur, za a kai ta maƙera kafin ruwa ya sauka.

Kamaruddeen ya gane Malam Tahir ne. Baba zai wuce ya tarar da shi a hakimce cikin mota, hannu a taga, yana taunar goro? Ai gara ƙasa ta tsage. Nan take ya haɗiye goron, ya saɓule takalmi tun a cikin mota, ya kama mariƙi don ya fita ya durƙusa kafin dattijon ya iso.

Shi kuma Malam Tahir tun daga nesa ya ga fari da shuɗi, ya san ko wane ne. Bai so bawan Allah ya bar sana'arsa ya zube cikin ƙasa saboda shi ba. Sai ya kau da kai can wajen gonar hagu, kamar wanda tulin takin wani ya burge, ya murɗa totur don ya wuce da sauri kafin a gan shi.

Babur ya wuce. Malam Tahir ya wuce. Garma ce ba ta wuce ba.

Waɗanda ke gonakin kusa sun ce marigayiya ta fara sallamarta kamar kullum, ta ce "ƙiii", amma ba ta kai ga "yau" ba. Abin da ya biyo baya "garam" ne, wanda ba muryarta ba ce. Ta tashi sama, ta juya, ta faɗa rigingine a gonar mutane. Malam Tahir ya sauka a tsakiyar tulin takin da yake kallo, mai laushi, ko ƙwarzane bai yi ba. Kamaruddeen kuwa tuni yana durƙushe a ƙasa ba takalmi, mariƙin ƙofa a hannunsa, ba ƙofa. Tun da ya riga ya ɗauko gaisuwa, sai ya ga babu dalilin da zai bar ta a hanya.

"Baba, barka da hantsi."

Daga cikin taki, fuska tana kallon gabas, aka ce, "Barka kadai. Ya iyali?"

"Lafiya lau, Baba. Ya gajiya?"

"Ba gajiya."

An kira Ɗanliti ya zo ya duba ta a inda take kwance. Ya juya ta, ya ƙwanƙwasa, ya kara kunne. Ta lanƙwashe a tsakiya, ƙarafan da ke riƙe ta da jikin mota sun tsinke har saiwa. Ya miƙe ya karkaɗe hannu ya ce sai haƙuri, wannan ba ta sake hawa mota.

Washegari da safe aka taru a ƙarƙashin ɗorawar ƙofar gidan Mai Unguwa, domin Abdulbasit da Abdulkabir sun ce alkawari ya cika. Aka shimfiɗa tabarmi. Kamaruddeen ya zauna yana kallon kudu, Malam Tahir yana kallon arewa, Mai Unguwa a tsakiya yana juya wuya. Kamaruddeen ya zo da niyya ɗaya, a ɗora masa laifi ya ɗauka ya tafi gida. Bai san samun laifi yana da wuya haka ba.

Abdulkabir ne ya fara. "Yaya Kamaru, tsakaninka da Allah, motarka tafiya take ko tsaye take?"

"Tsaye take."

"To shi ke nan. Wa ya taɓa kai ƙarar bishiya don ya yi karo da ita?"

"Bishiya ba ta miƙo hannu, Abdulkabir. Ni na miƙo."

Jama'a suka rabu biyu. Masu babur suka ce mai buɗe ƙofa ne da laifi, domin su ma ƙofofi sun sha kai musu hari a birni. Masu amalanke suka ce abin da ke tsaye ba ya laifi, in ba haka ba gobe sai a kama turke. Wani ya ce a tambayi garma. Da hayaniya ta yi yawa, Mai Unguwa ya ce a ba wakilin direbobin tasha dama, tun da shi ya san ƙa'idar hanya.

Wakilin ya gyara hula ya ce, "Ranka ya daɗe, abin a fili yake. Mai mota a tsaye, kafin ya buɗe ƙofa wajen hanya, dole ya duba madubi. In bai duba ba, laifinsa ne, ko da jaki ne ya kwashe ta." Ya juyo. "Kamaru, ka duba madubi?"

"Na duba."

"To ka fita daga laifi."

"Na duba na gan shi fa! Ganinsa ne ma ya sa na buɗe!"

Wakilin ya sosa ƙeya. "To, mu dai cewa aka yi a duba. Ba a gaya mana abin da za a yi in an gani ba."

Kamaruddeen ya rantse, ya roƙa, ya ce shi ne mai ganganci, shi ne marar hankali, a tambayi kowa a tasha. Abokansa direbobi, don su taimake shi, suka miƙe ɗaya bayan ɗaya suna shaida cewa ba su taɓa ganin direba mai natsuwarsa ba. Ya harare su, suka ɗauka godiya ce.

Sai Malam Tahir ya yi gyaran murya, yana kallon arewarsa. "Ranka ya daɗe, a daina wahalar da mai motar nan. Ni ne ban duba gabana ba."

Abdulbasit ya ce, "Kun ji ko? Bai gani ba. Abin da muke ta faɗa ke nan."

Mai Unguwa ya ce, "Malam, me ya hana ka duba gabanka?"

Duk mai furfura a wajen ya san amsar, amma ba mai iya faɗa a gabansa. Dattijon kuma ya gwammace ya rasa babur da ya buɗe baki gaban 'ya'yansa ya ce kunyar surukinsa ce ta juya masa wuya. Ya sa hannu a aljihu ya ciro makullin ya ajiye a kan tabarma. Kamaruddeen, da yake ba ya kallon fuskar mutumin, hannunsa ya gani, kuma hannun ya daɗe a kan makullin kafin ya sake shi. Mai Unguwa ya dubi makullin bai taɓa ba, ya ce a tashi, a dawo bayan la'asar.

A gida Kamaruddeen ya kasa cin tuwo. Safiyatu ta zauna a bakin ƙofar ɗaki tana tsince wake, ta bar shi ya gama jan tsaki, sannan ta ce, "Malam, wai ku nawa ne a wajen haɗarin nan?"

"Ni da Baba."

"Sai wa?"

Ya dube ta.

"Ku uku ne," in ji ta. "An tambayi biyu, kowa ya ce shi ne. Ta ukun fa?"

"Safiyatu, ki ji tsoron Allah. Baiwar Allahn nan ba ta da bakin kare kanta."

"Ai shi ya sa. Ba a karkace ka ce motar take ba? In ka sake ta a karkace, ba ta ƙarasawa da kanta?"

"Tana ƙarasawa. Amma da ladabi."

Safiyatu ta ajiye faifan. "Ita dai an riga an yi rashinta. Shi yana nan da ransa. In suka karɓe makullin nan, wallahi Baba ba zai ga kaka da ƙafarsa a gona ba." Ta tashi ta shiga ɗaki.

Kamaruddeen ya zagaya bayan gida, inda aka jingine marigayiya an lulluɓe ta da tsohuwar tabarma. Ya daɗe a tsaye. Ba wanda ya ji abin da ya ce mata, amma an ga ya goge mata gilashi da hannun rigarsa.

Bayan la'asar aka koma. Ya nemi izini ya ce yana da ƙarin bayani. "Ranka ya daɗe, ni abin da na buɗe bai fi tafin hannu ba. Motar a karkace take. Sauran... Sauran ita ta ƙarasa."

Ba ƙarya ya yi ba, haka aka yi. Amma da za a auna nauyin maganar nan a bakinsa, ta fi garmar nauyi.

Mai Unguwa ya dubi Liman, Liman ya dubi sama. Can sai Inna Larai mai daddawa, wadda ta fi kowa saurin gane inda iska ta dosa, ta ɗaga murya daga bayan maza. "Yo ai ni na daɗe da sanin halinta! Ta taɓa cafke mini gefen zani tun daga nan har Zakirai, ina ja tana ja."

Kamar jira ake. Ladan ya ɗaga babban yatsansa ya ce ita ta datse shi, har yau in hadari ya haɗo yana masa zogi. Wani ya ce ta taɓa kama wutsiyar ragonsa. Wani ya ce tana da son jiki, sai an rufe ta sau biyu. Ɗanliti ya ce tun ranar farko ya ga taurin kai a tare da ita, shi ya san gudumar da ta sha. Har wani da bai taɓa shiga motar ba, don a ƙafa yake zuwa kasuwa, ya ce ranar nan da ya wuce ta gabanta wani irin kallo ta yi masa.

Kamaruddeen yana zaune kansa a ƙasa, ana yagar mutuncin ƙofar da ta yi wa unguwar nan hidima rani da damina. Hawaye ya zubo masa, na gaske, jama'a suka ce Allah sarki, nadama ce. Mai wannan sanarwa yana so a sani cewa ragon nan shi ya kai wutsiyarsa, kuma zanin Inna Larai ya yi wa mota yawa tun asali.

Mai Unguwa ya ɗaga sanda aka yi shiru. Ya ce ya saurari kowa. Mota tana tsaye, ba ta da laifi. Mai mota ya duba madubi, wakilin direbobi ya wanke shi. Mai babur yana kan hanyarsa, ƙofa ce ta fito ta tare shi. Alkawarin da aka ɗauka kuwa cewa aka yi in Malam Tahir ya buge wani abu, a nan kuma shi aka buge. Don haka laifi na marigayiya ne, kuma tun da ta riga mu gidan gaskiya, ba abin da ya rage sai yafiya.

"Malam Tahir, ka yafe mata?"

Dattijon ya ce, "Na yafe mata."

Abdulkabir ya buɗe baki zai yi magana, yayansa Abdulbasit ya taka masa ƙafa, domin shi ma ya ga hannun nan da safe. Mai Unguwa ya tura makullin da bakin sandarsa har ya taɓa gwiwar mai shi.

Saboda haka iyali suna roƙon duk wanda marigayiya ta saɓa wa, ya yi koyi da Malam Tahir ya yafe mata. Waɗanda suka ƙara gishiri a shaidarsu kuma, iyali sun gode, Allah ya saka, amma ya isa haka, kada a ci gaba da shi a bakin rijiya.

Game da makwancinta, da farko an shirya miƙa ta ga masu sayen tsohon ƙarfe, sai aka samu sauyi. Washegarin hukunci da sassafe aka ji babur ya tsaya a ƙofar gidan Kamaruddeen, abin da bai taɓa faruwa ba. Mai gidan ya fito da gudu, ya zubar da takalminsa ƙafa ɗaya da ya rage, ya durƙusa. Malam Tahir bai sauka ba. Yana kallon bishiyar darbejiya ya ce a gaya wa mai motar nan kada a sayar da ƙofar, rumfar da babur ke kwana ba ta da ƙyaure, yana so a kafa ta a can. Babu kowa a wajen da zai kai saƙon, sai darbejiyar.

"To, Baba."

"Ƙofar kirki ce," in ji dattijon. "Na san ta. Duk abin da aka faɗa jiya, na san ta."

Sai Kamaruddeen ya ji babur ya mutu, ya ji an juyo. Ya ɗaga kai kaɗan, ya ga idanu biyu da suka fara fari-fari a gefe suna kallonsa.

"Kamaru."

Bai taɓa jin sunansa a bakin nan ba, har ya waiga ko da wani Kamarun a bayansa.

"Ni zan ɗauke ta. Kai ka hau baya ka riƙe ta." Dattijon ya rage murya. "In ka ga wani abu a gabanmu, ka taɓa ni a kafaɗa. Ran Juma'a ma ka raka ni masallaci, in ba ka da lodi."

Za a ɗauki marigayiya ranar Asabar da hantsi, in Allah ya kai mu, daga bayan gidan Malam Kamaruddeen zuwa gidan Malam Tahir da ke gabas da masallaci, inda Ɗanliti zai jira da kayan walda, kuma an roƙe shi ya bar gudumarsa a gida. Malam Tahir ne zai ja babur, Kamaruddeen yana baya rungume da ita, yana leƙen hanya ta rabin gilashinta. Masu rakiya su biyo a ƙafa, a baya, da ɗan nisa. Mata za su karɓi gaisuwa wajen Safiyatu. Za a raba goro, amma ba za a yi abinci ba, Liman ya hana.

A ƙarshe, iyali suna roƙon mai shayi ya shigar da bencinsa, masu awaki su ɗaure, kuma duk mai mota da ya tsaya a kan hanyar, ko surukinsa ya hango a madubi, don Allah ya zauna a ciki ya gaishe shi ta taga.